Daga Tanda Zuwa Tukunyar Yashi: Tarihin Kek da Cakulan a Gidajen Bauchi

Idan aka ambaci Bauchi a zancen abinci, masa ce take fara zuwa bakin mutane, kuma da gaskiyarsu. Matan garin nan sun gaji sanin ƙulli. Sun san lokacin da ya tashi, sun san lokacin da ya yi tsami har yana neman kanwa, sun san irin wutar da za ta dafa cikin masa ba tare da ta ƙona bayanta ba. Da wannan sani a hannu fulawa da bota da garin koko suka iske su, shi ya sa kek bai sha wahalar samun wurin zama a gidajensu ba. A yau da wuya ka ratsa unguwa, daga Jahun zuwa Fadaman Mada, daga Nassarawa zuwa Yalwa, ba ka samu gidan da ake gasa kek ɗin cakulan ba, ko na ci ko na sayarwa. Amma hanyar da abin ya biyo doguwa ce. Ta ratsa teku, ta hau layin dogo, ta kuma daɗe a teburin mai shayi kafin ta shiga madafa.

Lokacin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma mai riƙe da tutarsa, ya kafa birnin a wajen shekarar 1809 ya kewaye shi da ganuwa, farin sukari ba ya cikin kayan gidan talaka. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya lissafa sukari cikin kayan da raƙuma suke ketowa da su daga bayan Sahara, ka ga ke nan abin masu hali ne. Zaƙin mutanen ƙasa yana fitowa ne daga zumar amya, da raken fadama, da maɗin ɗinya, da garin ɗorawa, da dabinon da Buzaye suke kawowa. Daga baya mazarƙwaila ta yawaita, musamman ta ƙasar Zazzau wajen Maƙarfi. Ita ma alkama ba ta da yawa, don noman rani ce, ana ba ta ruwa da jigo a bakin rafi, saboda haka abincin da aka yi da ita na fada ne da gidajen attajirai da ranakun biki. Larabawan arewacin Afirka da suka zauna a Kano, a unguwa irin Dandalin Turawa, suna da hannu wajen yaɗa gurasa da kayan zaƙin alkama, fatake kuwa da auratayya suka kai su sauran biranen daular Shehu, har da Bauchi.

Wurin da waɗannan kayan zaƙi suka yi saiwa shi ne gara, wato kayan abincin da iyayen amarya suke kai wa gidanta bayan biki, ko bayan haihuwar fari. A nan ne ake auna mutuncin gida. Buhunan hatsi da man shanu suna nan, amma idon mata yana kan alkaki da nakiya da dubulan.

Alkaki ya cancanci a tsaya a kansa, don a cikinsa ake ganin zurfin wannan sana'a. Alkama ake ɓarzawa, ba a niƙa ta ta yi laushi, a murje ta da ɗan mai, a kwaɓa da abin tashi, a rufe ta kwana. Da safe gwana za ta buɗe ta shinshina, ta ɗanɗana, ta san yawan ruwan kanwar da zai kashe tsamin. Daga nan mata su zauna a tabarma su kewaye ƙwarya, kowace tana murza curi a tafin hannu har ya zama igiya, ta naɗe shi ta ɗaura bakin. Suyarsa ba ta son gaggawa. Idan wuta ta yi yawa baya ya yi ja ciki na ɗanye, kuma irin wannan ba ya kai mako bai lalace ba. Ana tsame shi daga mai a tsoma shi a zuma ko a dafaffen sukarin da aka matsa wa lemon tsami ko aka sa wa tsamiya, don kada ya daskare ya koma gari. Nakiya kuwa aikin turmi ce: garin shinkafa da aka soya, da citta da kanumfari da masoro, da zuma ko sukari, da man shanu, a yi ta kirɓawa har ta kama jikinta. Nakiyar kirki tana wata da watanni ba ta canza ba. Duk waɗannan an tsara su ne don ƙasa mai zafi da babu firji, kuma wannan sharaɗi na daɗewa shi ne ma'aunin da matan Bauchi suka fara auna kek da shi da ya zo.

Shi koko ba ɗan ƙasar nan ba ne. Asalinsa dazuzzukan nahiyar Amurka ne, inda mutanen Maya da Aztek suke niƙa ƙwayarsa su dama su sha da ɗacinsa. Mutanen Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, aka ƙara masa sukari, ya zama abin shan masu sarauta. A 1828 wani ɗan ƙasar Holan, van Houten, ya fito da injin da yake matse man ƙwayar ya bar tunkuzar da ake niƙawa ta zama gari. Mutanen Holan ne kuma suka fara gyara garin da wani gishiri dangin kanwa don ya rage tsami ya yi duhu, dabarar da duk mai yin alkaki za ta gane nan take. A 1847 kamfanin Fry na birnin Bristol a Ingila ya yi cakulan na tauna, a 1875 kuma Daniel Peter a Suwizalan ya haɗa shi da madara. Da buƙata ta ƙaru, sai aka nemi sababbin gonaki. Daga tsibiran Sawo Tome da Fanando Po irin ya tsallako gaɓar Afirka ta Yamma. A Gana ana tuna Tetteh Quarshie da ya kawo shi a 1879. A Nijeriya ana cewa an fara shuka shi a yankin Bonny a wajen 1874, sannan J.P.L. Davies ya buɗe gona kusa da Legas a wajen 1880, manoman Agege irin su J.K. Coker suka ɗauka, daga nan ya bazu zuwa Ibadan da Ife da Ondo.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A waɗannan gonaki na ƙasar Yarbawa, bishiyar koko da ta goro sukan tsaya a fili ɗaya. Hausawa kuwa, waɗanda kakanninsu suka yi ta takawa zuwa Gwanja neman goro, sun sauya akala zuwa Agege da Shagamu da Ibadan bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916, kuma goro da shanu ne ƙashin bayanta. To, ɗan kasuwar Arewa yana shiga gonar, ya saye goron ya ɗaure a ganye ya aiko gida, buhunan koko kuwa su nufi tashar jiragen ruwa su tafi Turai. Shekara da shekaru Bahaushe yana gilmawa ta gefen tabarmar da aka shanya koko, bai ga dalilin sayen ko mudu ɗaya ba, don babu wanda zai saya a wurinsa a gida. Kuɗin wannan koko ne ya gina bene mai hawa 26 da ake kira Cocoa House a Ibadan a 1965. A ƙasar Bauchi kuwa bishiyar ba za ta rayu ba, don tana son ruwan sama mai yawa da inuwa da laima kusan duk shekara, mu kuma raninmu yana cin fiye da rabin shekara.

Turawan Ingila sun shigo Bauchi a 1902, suka yi barikinsu a bayan ganuwa. A nan aka fara gasa kek a garin, kuma maza ne suka fara, wato kukun Turawa, a murhun ƙarfe mai cin itace, da fulawa da bota da garin koko na gwangwani da aka yo oda. Tun farkon zamanin ma wasu matan Turawa biyu, Sylvia Leith-Ross da Genevieve Ruxton, sun buga littafin girki a Zungeru don irin waɗannan gidaje. Sai dai wannan ilimi bai tsallaka zaure ya shiga cikin gida ba. Kuku yana gasa wa maigidansa, ya koma gida matarsa ta tuƙa masa tuwo. Kayan ma ba su samuwa. Ƙaramin layin dogon da aka sa wa sunan Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya ya isa Jos saboda kuza, bai taɓa zuwa birnin Bauchi ba har aka rufe shi a 1957. Wanda yake son kayan kanti na sosai, sai ya nufi Jos, tafiyar kilomita kusan 130.

Abubuwa sun fara haɗuwa ne bayan samun mulkin kai, a zamanin da ɗan garin nan, Abubakar Tafawa Ɓalewa, yake Firayim Minista. Jirgin ƙasa na gaske ya iso Bauchi a 1961 a kan hanyarsa ta zuwa Gombe da Maiduguri. A 1962 injin niƙan alkama na Apapa ya fara fitar da fulawar Golden Penny, kuma a shekarun 1970 aka samu irinsa a Bompai ta Kano. Sukarin Bacita ya fito a 1964, ga kuma na ƙwaya mai kwali da ake shigowa da shi daga Faransa. Kamfanin NASCO da aka kafa a Jos a 1963 ya zo daga baya ya cika kantunan yankin da biskit. Shi kuwa cakulan, ta baki aka fara saninsa a matsayin abin sha. Bournvita ta shigo kasuwar Nijeriya a 1960, kamfanin Cadbury ya kafu a Ikeja a 1965, ga Ovaltine, ga Milo na kamfanin Nestlé wanda ya buɗe masana'antarsa ta Agbara a 1981.

Dalilin da ya sa gari ya riga na tauna zuwa a bayyane yake ga duk wanda ya yi bazara a Bauchi. Man koko yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 34, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafinmu yana wuce haka nesa. Cakulan na tauna ba zai kai yamma a kan tiren mai talla ba. Gari kuwa a gwangwani babu ruwansa da rana. Haka ya samu gurbi a teburin mai shayi, tsakanin burodi da madarar gwangwani, ya shiga kayan dubiyar marar lafiya da na mai jego da na azumi. Duk wanda ya tashi a waɗannan shekaru ya san yadda uwa take ɓoye gwangwanin a ƙasan gado ko cikin kwalla, ya kuma san yaron da ake kamawa da baƙin gari a gefen baki. Tsara guda ta girma da wannan ɗanɗano a harshe, kuma 'yan matan wannan tsara ne suka fara zuba shi a cikin ƙulli.

A ganina, abin da ya fi komai sauya madafar Bauchi shi ne ƙirƙiro jihar a ranar 3 ga Fabrairun 1976. Garin da yake hedikwatar lardi ya wayi gari babban birnin jiha. Ma'aikata suka dawo daga Maiduguri da iyalansu, wasu suka zo daga Kudu, ga albashi ya ƙaru tun bayan ƙarin Udoji. Aka gina gidajen ma'aikata, wasu da murhun lantarki ko na gas mai obin a ƙasa. Kamfanin haɗa motoci na Steyr ya zo, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta buɗe a 1979, jami'ar da yanzu take ɗauke da sunan Tafawa Ɓalewa ta biyo baya a 1980. A makarantun 'yan mata na kwana ana koyar da darasin kula da gida, kuma a nan yarinya take fara ganin yadda ake buga bota da sukari. Idan ta zo hutu sai ta ce za ta gwada. Maƙwabtaka ma ta yi nata aikin. Matan Kirista da suka koyi gashi a makarantun mishan da ƙungiyoyin zumuntar mata suna aika kek da cincin gidajen Musulmi ranar Kirsimeti, a mayar musu da tuwo da nama ranar Sallah, kuma tare da kwanon ake tambayar yadda aka yi.

Yawancin gidaje ba su da obin, kuma a nan ne basirar matan ta fito. Tsohuwar tukunyar ƙarfe ake samu mai faɗi, a zuba mata yashin rafi da aka wanke ya bushe, a ɗora a kan kurfoti ko risho, a rufe ta ɗauki zafi. Kafin nan an tara gwangwanayen madara da na tumatir da na kifi, an yanke bakinsu, an daddaƙe kaifin da dutse, an wanke, an shafe cikinsu da bota an barbaɗa fulawa. Ƙullin kuwa tun hantsi ake fama da shi. Bota da sukari a roba, muciya a hannu, ana juyawa gefe ɗaya ba a sauyawa, yara suna karɓa-karɓa har haɗin ya yi fari ya yi sauƙi, ƙarar sukarin ta ɓace. Ƙwai ɗaya-ɗaya ake fasawa a kofi a duba kafin a zuba, musamman da damina da ƙwan zabi yake araha, don ƙwai ɗaya da ya lalace ya isa ya ɓata aikin yini. Awo kuwa da gwangwanin madara ake yi, kowace mace da nata lissafin a ka. Sai a raba ƙullin biyu, a bar rabi fari, a zuba wa rabi Bournvita. A jera gwangwanayen a kan yashi, a rufe, wasu su ɗora garwashi a kan murfin don sama ta yi ja.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya fi komai wuya ga yarinya.

"Goggo, in buɗe in duba?"

"Kul! In kika buɗe iska ta shiga, zai faɗa. Bari sai ƙamshi ya kira ki."

Idan ƙamshin ya cika tsakar gida, sai a zaro tsinken tsintsiya a wanke a soka a tsakiya. Ya fito a bushe, kek ya yi. Abin lura shi ne rabin nan mai Bournvita ba ya yin duhu sosai, kuma yakan yi danƙo a ƙasa, don abin sha ne da aka riga aka haɗa da sukari da madara da tsiron hatsi, kokon da ke cikinsa kaɗan ne. Don a samu launin sai a ƙona sukari a cokali ko a ƙaramar tukunya a zuba. Kek ɗin cakulan na farko a yawancin gidajen Bauchi ke nan: launinsa na ƙonannen sukari, ƙamshinsa na shayi. Ni dai ban yarda a raina shi ba. Mace ta ɗauki abin da kasuwa ta ba ta, da wutar da take da ita, ta fitar da abin da yara suke rububi, kuma ya cika sharaɗin gara, don yana kwanaki a rufe a bokiti bai yi komai ba. Shi ya sa ba a daɗe ba ƙananan kek suka samu nasu bokitin a jerin kayan amarya, kusa da cincin da dubulan.

Shekarun 1980 sun zo da ƙunci. Tun daga tsuke bakin aljihun 1982, zuwa layin sayen madara da sukari na 1984, zuwa shirin gyaran tattalin arziki na 1986, kayan kanti suka yi tsada. A watan Janairun 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, da niyyar a noma ta a gida a wurare irin Kadawa ta Kano. Noman bai kai ga buƙata ba, fulawa ta zama ta sumoga, burodi ya ƙanƙance, sai a ƙarshen 1992 aka ɗage dokar. A wannan tsakani gashi ya koma na biki da Sallah kawai. Amma a daidai lokacin ne cibiyoyin koyar da mata sana'a suka yawaita, musamman bayan shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta fara a 1987, kuma kek da cincin suna cikin abin da ake koyarwa tare da ɗinki da saƙa. Da Cowbell ta fito da madarar gari a ƙaramar leda a 1993, sauran kamfanoni suka bi sahu, sai ya zama mace tana iya sayen Milo na gashi ɗaya ba sai ta sayi gwangwani ba.

Zallan garin koko, mai ɗaci, wanda babu sukari a cikinsa, bai zama ruwan dare a madafun garin ba sai da shagunan kayan kek suka bayyana a kasuwar Wunti da babbar kasuwa da wasu tituna, kuma wayar hannu ta zama makaranta. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo shirin girki na Akushi da Rufi cikin Hausa, ga Instagram da WhatsApp inda ake buɗe aji a biya kuɗi a koya daga ɗaki. Zaman gida na annobar korona a 2020 ya ƙara yawan masu gwadawa. Da haka sababbin sunaye suka shigo: burauni, wanda ake danganta asalinsa da wani otal a Chicago a 1893, da donot mai rufin cakulan, da kukis, da kek mai hawa-hawa na ranar kamu da walima. Batun bikin zagayowar ranar haihuwa har yanzu malamai suna da magana a kansa, kuma gidaje da yawa ba sa yi, amma kek bai jira an gama wannan muhawara ba. Ya shiga saukar Alƙur'ani da suna da buɗa-baki da tarbar alhazai.

Masu gashin yanzu sun koyi halin koko da gwaji. Sun gane cewa yana shan ruwa fiye da fulawa, don haka in an ƙara shi sai a rage ta, in ba haka ba kek ya bushe ya riƙa maƙalewa a wuya. Sun gane cewa in aka dama shi da ruwan zafi kafin a zuba, ƙamshinsa ya fi fitowa. Da yawa sun bar bota sun koma man gyaɗa ko wani mai na ruwa don laushin ya daɗe. Wata dabarar kuma tamu ce ta gida: kindirmon da matan Fulani suke kawowa gari, in ya haɗu da hodar tashi, tsaminsa yana ɗaga ƙulli ya ba shi taushin da madarar gwangwani ba ta bayarwa. Zafin gari dai yana nan yadda yake, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce, saboda haka cakulan ɗin da ake narkawa a zuba a kan kek galibi ba mai man koko ba ne, wanda aka haɗa da man kwakwar manja ne, don ya fi jure rana kuma ya fi araha. Ɗanɗanonsa bai kai na asali ba, yakan bar maiƙo a dasashi, amma shi ne zai iya shiga Keke Napep daga Gwallaga ya isa Gwallameji da tsakar rana bai zube ba.

Wannan sana'a ta dace da tsarin da matan Hausa suka daɗe a kansa, na neman kuɗi daga cikin gida. Da can yarinya ce take ɗaukar tiren alewa da gullisuwa da tuwon madara da ƙantun riɗi ta zaga unguwa. Yanzu hoto ne yake yin tallar, kuɗi ya shigo ta waya, yarinyar kuma tana aji. Wannan kaɗai ya isa a yi murna da shi. Akwai ɗalibai a Yalwa da Gubi da suke biyan kuɗin rajista da ribar burauni, akwai zawarawa da matan da mazansu suka rasu da suke riƙe da gida da obin ɗaya na gas. Abin da nake roƙonsu kawai shi ne sassauta hannu wajen sukari, don ciwon suga ya yi yawa a cikinmu, kuma kek ɗin koko na kirki ba ya buƙatar zaƙi ya rufe shi.

Abin da yake damuna ya fi wannan girma. A gidaje da yawa yanzu, idan za a yi gara, kek da donot 'yan gida ne suke yi, alkaki da nakiya kuwa sai a aika wa wata tsohuwa a cikin gari a biya ta. Waɗannan tsofaffi suna raguwa, kuma awonsu a hannunsu yake da hancinsu, ba a takarda ba. Yarinyar da ta iya auna fulawa da sikeli har giram ɗaya, ta san zafin digiri 180, ita ce ta fi kowa cancantar ta zauna gaban kakarta ta auna abin da tsohuwar take ɗiba da tafin hannu, ta rubuta, ta ajiye.

Shekarun baya-bayan nan sun sake matse masu gashi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, fulawa da sukari da gas da ƙwai duk suka tashi. A daidai lokacin kuma cututtukan bishiya da rikicewar yanayi suka rage amfanin gona a Kwaddibuwa da Gana, ƙasashe biyun da suke noma fiye da rabin kokon duniya. Tan ɗaya na koko da bai kai dala 3,000 ba a farkon 2023 ya wuce dala 10,000 a watan Maris na 2024, ya taɓa 12,000 a watan Disamba. Manomin Ondo da na Ikom sun ga alheri, mai gashi a Bauchi kuwa ta ga gwangwanin koko ya fi ƙarfinta. Wasu suka rage girman kek, wasu suka koma ga ƙonannen sukari irin na iyayensu, wasu suka jingine obin suka dawo kan gawayi da yashi.

Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da take cikin manyan masu noman koko a duniya. Mafi yawan abin da muke nomawa ɗanye yake fita, zuwa Holan da Malesiya da sauransu, kuma in kika juya gwangwanin da ke madafarki kika karanta, sau da yawa za ki ga daga can ya dawo, da kuɗin jirgi da na dala a kansa. Alhali akwai masana'antun da suke niƙa koko a cikin gida, irin ta Ile-Oluji a jihar Ondo, kuma ko a nan Arewa maso Gabas ana noma shi a yankin Kurmi na jihar Taraba. 'Yan kasuwarmu na kasuwannin Wunti da Muda Lawal sun san hanyar Kudu tun kakanni, suna da masauki da amintattu a kowace kasuwar goro. A da sun bar koko a can don babu mai saye a gida. Yanzu masu sayen suna nan a kowace unguwa, da kuɗinsu a hannu. Ina kira gare su da su je waɗannan masana'antu su ƙulla ciniki, su sayo garin koko na gida da buhu, su ɗora shi a motar da take kawo mana goro, su auna wa matan Bauchi da farashin da za su iya saye.